Kujerun Liyafa a Ɗakin Fakewa

Ranar da Kyaftin ya tara mu, mu iyalan ma'aikatan ofishin jakadanci, a can baya na zauna, Tsigi tana kan cinyata tana tauna gefen mayafina. Tsigi 'yata ce, ba ta daɗe da cika shekara biyu ba, ƙanƙantarta ce ta jawo mata sunan. Tana da asma. Shi ya sa duk ɗakin da na shiga, kafin in ga mutanen ciki ƙurarsa nake fara gani.

Kyaftin tsohon soja ne da aka turo daga gida ya kula da tsaronmu, kuma ba ya kwana-kwana a magana. Ya ce ƙasarmu da ƙasar da muke zaune sun sami saɓani kan wasu masunta da aka kama, gidajen rediyon garin suna ta hura wutar zancen, har an fara jifan shagunan 'yan ƙasarmu a kasuwa. Gininmu kuwa a bakin titi yake, ofisoshi a ƙasa, gidajenmu a sama, gidan Jakada a bayan harabar. Ya ce duk ranar da muka ji jiniya, kada kowa ya tsaya neman takalmi. A sauko a shiga ɗakin fakewa da ke bayan kicin ɗin ofis. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, ba shi da taga, akwai famfo da bayi a ciki.

Na ɗaga hannu na ce ina so in ga ɗakin.

Matan suka juyo suna kallona. Wata ta yi dariya ta ce sabon shiga ke nan, har yanzu tana jin tsoron inuwarta. Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ce makullin ba ya hannunsa, yana wurin jami'in mulki.

Jami'in mulkin nan, wanda kayan ofis da makullansa ke hannunsa, ba wanda ke kiransa da wani suna a bayan idonsa ban da Sai-an-duba, domin ko gaishe shi ka yi ka tambayi lafiyar gida, kana iya jin amsar nan. Ya zo da tarin makullai yana ƙunƙuni. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ta daki wani abu ta tsaya. Wani wari na tsohon kaya ya buso, Tsigi ta fara tari nan take. Na miƙa ta ga maƙwabciyata, na leƙa.

Kujerun liyafa ne jere a kan juna har rufi. Ga jan kafet a naɗe, ga tsofaffin tafiretoci, ga tutoci, ga hotunan shugabannin da suka shuɗe an juya fuskokinsu ga bango, ga wani mataccen injin kwafi mai girman saniya. Ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta sami wurin kwanciya.

Sai-an-duba ya yi mana bayani da zuciya ɗaya, ba da wasa ba. Ya ce a duk ginin wannan ne kaɗai ɗakin da ƙofarsa ta cika ƙofa, to ina kuma ya dace a ajiye kayan gwamnati?

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan jiniyar ta yi kuka, mu a ina za mu tsaya?"

Ya ce, "Sai an duba."

Daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Kowace kujera da lambarta a fente a ƙarƙashi, kuma an rubuta ɗakin da take zaune. Ba a kawar da kayan gwamnati daga mazauninsa, ba a zubarwa, ba a sayarwa, sai kwamiti ya taso daga hedikwata ya gani da idonsa. Rabon kwamitin da zuwa kuwa, ko Sai-an-duba labari ya tarar.

Da Baban Tsigi ya hawo cin abinci, labari ya riga ni isa wurinsa. Mijina ƙaramin ma'aikaci ne a tagar biza, wannan ce fitarsa ta farko, kuma ya daɗe yana jiran ta. Mutum ne mai taushin hali, irin wanda idan ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Ya wanke hannu, ya zauna, bai taɓa abincin ba.

Ya ce, "Maman Tsigi, a wannan aikin matar ƙaramin ma'aikaci ba ta ɗaga hannu a taro."

Na ce to ƙafa ake ɗagawa? Ya ce ba wasa yake ba, duk abin da na faɗa a ƙasa a kansa ake rubutawa, kuma rahoto ɗaya mara kyau ya isa a mayar da mu gida. Na ce ai komawa gidan ita nake nema. Sai ya ɗauki Tsigi ya ɗora a kafaɗa yana bubbuga bayanta, don har lokacin tarin bai sake ta ba. Na san yana son yarinyar nan kamar ransa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne, da na san yadda zan yi da shi.

Washegari na shirya na tafi gaida matar Jakada, wadda duka muke kira Mama. Dattijuwa ce mai kirki, ba ta taɓa barin ka tashi ba ka sha wani abu ba. Na durƙusa na gaishe ta, na bari sai da aka gama tambayar lafiyar kowa, sannan na kawo abin da ke tafe da ni. Na ce ɗayan biyu nake roƙo: ko a kwashe kayan ɗakin, ko a bar masu ƙananan yara su koma gida har ƙura ta lafa.

Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta kama hannuna.

Ta ce, "'Yata, mu a nan ba mutane ba ne kawai, alama ce. Idan aka gan ki a filin jirgi da yarinya da akwati, kafin jirgin ya tashi jaridu sun rubuta cewa mun yanke zumunci."

Ta ce kwashe kayan ma haka ne. Masu wucewa za su hango tarin kaya a haraba su ce muna haɗa komatsanmu. Ta ce ta zauna a ƙasashe da dama, ta ga irin wannan hayaniya, kuma kullum a baki take ƙarewa. Ta ba Tsigi biskit. Na yi godiya, na fito. A matakala na ce wa Tsigi, ke ashe alama ce, ni ban sani ba nake ta yi miki wanka.

Na tare Kyaftin a bakin ƙofa. Ya ce in daina kallonsa haka, ya rubuta wa hedikwata har hannunsa ya gaji, amsar da ake ba shi ita ce an lura. Ya nuna min rumfar 'yan sandan ƙasar da ke gadinmu. Da su da yawa ne, yanzu saura ɗaya, shi ma idan ya tafi cin abincin rana sai ya ga dama yake dawowa. Kyaftin ya ce shi soja ne, an koya masa ba a fafe gora ranar tafiya, amma a nan ko goran sai an nemi izini kafin a taɓa.

Ana cikin haka Anti Mai Yadi ta zo. 'Yar ƙasarmu ce, ta tsufa a kasuwar garin tana sayar da yadi, a wurinta nake sayen na kayan Tsigi. Ta wayi gari ta tarar an shafa wa ƙofar shagonta jan fenti, ita da sauran 'yan ƙasarmu na layin. Ta kira lambar gaggawa ta ofishinmu, wayar ta yi ta kuka a kan teburin wani da ya tafi hutu. Sai ta ɗauro abin da za ta iya ɗauka ta zo da ƙafarta. A tagar baƙi aka ba ta shawarar da ake ba kowa: a kwantar da hankali, a guji taron jama'a.

Ina saukowa na ji muryarta tana ce wa yaron tagar, "Ɗan nan, a kasuwa nake. Taron jama'a shi ne abincina."

Na ja ta muka hau sama. Na shimfiɗa mata katifa a falo, na ce ba inda za ta koma. Baban Tsigi ya buɗe baki zai ce wani abu game da ƙa'idar kwana da baƙo a ginin, ya kalli fuskata, ya rufe.

Da la'asar muna shan shayi nake ba ta labarin ɗakin. Ta yi dariya har tana share hawaye, ta ce ita ma shagonta haka yake, yadi mai tsada a ƙurya, ita a bakin ƙofa tana shan rana. Sai ta tambayi Baban Tsigi, to idan za a yi liyafar, kwamitin ne ke tasowa daga hedikwata ya fito da kujerun? Ya yi murmushi karo na farko a kwanakin nan. Ya ce a'a, ranar su ƙananan ma'aikata su ne kwamitin, da bayansu. Fitar da kaya don liyafa amfani ne, ba kawarwa ba ce, sa hannun ma'aikaci ɗaya ya isa.

Na ajiye kofina. Shi ma ya gane ya yi suɓutar baki, don ya ce min, "Maman Tsigi, kada ki soma."

Da safe na koma wurin Mama. Na ce na kwana ina tunanin maganarta, kuma gaskiya ta faɗa, mu alama ce. To me zai hana mu nuna alama mai kyau? A shirya liyafar zumunci a haraba, a gayyato manyan ƙasar da 'yan kasuwa, a shimfiɗa jan kafet, duniya ta ga babu komai tsakaninmu sai alheri. Fuskarta ta washe. Ta ce ashe yarinyar nan da kai, za a yi matar jakada da ke wata rana. Kafin azahar Jakada ya amince.

Ban ji daɗi ba, gaskiya. Abin da na roƙa da gwiwa a ƙasa saboda numfashin 'yata aka hana ni, shi aka ba ni a rabin yini saboda kofunan shayi.

Baban Tsigi ne ya sa hannu, don shi ne ƙarami. Shi da abokan aikinsa suka yi ta jigilar kujeru suna atishawa. Kafet ya fito, tutoci suka fito. Na ce wa Mama hotunan shugabanni za su ƙawata bango, suka fito. Tafiretocin ne suka so su gagare ni, sai na ce a jera su a tebur a matsayin tarihin ofis, baƙi suna son irin wannan. Injin kwafin ne kawai ya ƙi motsi. Sannan na je wurin Sai-an-duba cikin ladabi na ce tunda ɗakin ya zama fanko, ya ba ni makulli in share, kada kayan gwamnati su koma cikin datti. Ya ciro shi daga cikin tarin da hannunsa, yana yaba tarbiyyata.

Na bar Tsigi a sama wurin maƙwabciyata. Ni da Anti muka ɗaure hanci, muka share, muka wanke bango da ƙasa, muka sake wankewa har ruwan ya daina fita baƙi. Famfon ya yi tari ya tofar da jan ruwa kafin ya daidaita. Na kai jarkokin ruwa, da tawul, da bokiti, da tabarma, da biskit. Na manna maganin shaƙar Tsigi na ajiya a saman injin kwafin, Anti ta rufe injin da yadi ya koma tebur. Kyaftin ya leƙo, ya juya. Can sai ga shi da fitila da rediyon hannu da man keke. Ya ɗiga wa mahaɗin ƙofar da sakatar, ya yi ta turawa yana ja har ta daina kuka.

Liyafar kuwa, kujeru ne suka halarta. Daga ma'aikatar harkokin wajen ƙasar wani ƙaramin akawu aka turo, ya sha lemo a tsaye ya ce ana jiransa. 'Yan kasuwarmu tsoro ya hana su fitowa. Jakada ya karanta jawabinsa kaf, mu muka yi tafi, Mama tana ta murmushi kamar kumatunta za su yi ciwo. Na tausaya mata.

Ana watsewa Sai-an-duba ya nemi makulli. Na ce ƙasan bai bushe ba, danshi zai ɓata ƙafafun kujeru. Washegari na ce an zubar da shayi a kafet, sai ya sha iska. Kashegari kuma na ƙi bari mu haɗu gaba ɗaya. Aka tara kujerun a ƙarƙashin rumfa a haraba. Baban Tsigi ya ce, kin san a wuyana za ta ƙare ko? Na ce na sani. Ya ce to, ya ɗauki jakarsa ya sauka aiki.

Da rana tsaka abin ya zo. Ina yi wa Tsigi wanka na ji wani gunji daga nesa, kamar kasuwa ce ta taso da ƙafarta. Na leƙa ta taga, rumfar ɗan sanda babu kowa. Sai jiniya. Na naɗe Tsigi da tawul da kumfarta da komai, na ja hannun Anti, muka bi matakala.

Na buɗe ɗakin tun da safe kamar yadda na saba yi a kwanakin, makullin yana wuyana. Amma da muka iso lungun kicin sai muka tarar da shi cunkushe. Ma'aikatan sun tsaya a jere gefe da gefe, ba wanda ya shiga. Jakada bai iso ba tukuna, kuma a ofishin nan ba a taɓa shiga ɗaki kafin Jakada ba. Ba shawara suka yi ba, ƙafafunsu ne suka saba. Mata da yara muna bayansu, dutse na farko ya riga ya fasa gilashi a gaba.

Ban ce wa kowa gafara ba. Na sa kafaɗa na ratsa tsakanin babban sakatare da Sai-an-duba, na shige. A bayana na ji Kyaftin ya daka tsawa, yara da mata tukuna, wanda ya tsaya gaisuwa a waje zai kwana. Nan fa aka ɗuro. Jakada da Mama ne kusan na ƙarshe, Kyaftin ya turo su, ya ja ƙofar, sakata ta shige lami lafiya.

Duka muka shiga. A matse, gwiwa da gwiwa, amma ba a bar kowa a waje ba.

Masu tarzoma sun haura ƙofar harabar. Da duwatsu suka zo, amma da suka tarar da kujeru a jere sai aiki ya yi musu sauƙi. Muna ji suna maka su a tagogi, ƙarfe yana haɗuwa da gilashi. Duk wadda ta faɗi sai Sai-an-duba ya runtse ido kamar a jikinsa. Wani ya zo ya yi ta dukan ƙofarmu da wani abu mai nauyi, yara suka fashe da kuka, ƙofar ko gezau. Kyaftin yana ta magana a rediyon hannu, ana ce masa ana nan tafe.

Da 'yan sandan suka iso daga ƙarshe, da barkonon tsohuwa suka iso. Na ji ƙaiƙayinsa a hancina kafin kowa ya ankara, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na jiƙa tawul a bokiti na cusa. Bai isa ba. Mama ta zare ɗankwalinta, ta tsoma a ruwa, ta durƙusa da kanta ta toshe sauran ramin. Amma Tsigi ta riga ta shaƙa. Ƙirjinta ya fara wannan fito da na fi tsana a duniya, haƙarƙarinta yana shiga yana fita, idonta a kaina. Na miƙa hannu saman injin kwafi, maganin yana nan inda na manna shi. Na fesa mata, na riƙe ta a zaune, ina ce mata a hankali, a hankali. Anti ta yi mana rumfa da jiƙaƙƙen yadi. Baban Tsigi ya durƙusa ya riƙe tafin ƙafafunta biyu a hannu ɗaya, bakinsa yana motsi. Na sake fesawa. Can sai fiton ya fara sauka, ta yi tari, ta yi kuka mai ƙarfi. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Da la'asar aka buɗe mu. Harabar ta zama juji, gilashi ko'ina, jan kafet ya ƙone rabi, tafiretoci a warwatse da haƙoransu a waje. Aka kira Anti aka ce layin shagonsu ya zama toka. Ta zauna a matakala ta ce aƙalla yadin da ta rufe injin gwamnati da shi ya tsira.

Na ɗauka yanzu kam magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Ashe ban san aikin ba.

Rahoton da aka aika hedikwata ya yaba da shirin ko-ta-kwana na ofishin, wanda ya sa ba a rasa rai ko ɗaya ba. Maganar tafiyar iyalai kuma aka ce yanzu ne ma ba za ta yiwu ba, don idon duniya yana kanmu. Mama ta rungume ni ta ce Allah ya yi min albarka, sannan ta ce in ƙara haƙuri, irin wannan ba ya faruwa sau biyu. Baban Tsigi kuwa takardar tuhuma aka ba shi, ya yi bayanin dalilin da ya sa kayan da ya sa hannu ya fitar suka kwana a waje har suka zama makami a hannun masu tarzoma. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Bayan wannan aka ba da umarni cewa tunda tagogin ofis babu gilashi, duk abin da ya tsira, har da karyayyun da kwamiti zai so ya gani, a mayar da su ɗaki mai ƙofar ƙarfe.

Baban Tsigi aka aiko ya karɓi makullin. Ya shigo da tsakar rana, takardar tuhumar tana leƙowa daga aljihunsa. Tsigi tana barci a kan katifar Anti, numfashinta yana fita sumul. Ya tsaya yana kallonta.

Ya ce, "An ce in karɓo."

Na ciro igiyar daga wuyana na ajiye a kan tebur tsakaninmu. Na ce ga shi nan. Na ce ba zan ɓoye ba, ba zan yi ƙarya kuma ba, na gaji da ƙasan da bai bushe ba. Amma ya sani, kujera ta farko da ta shiga ɗakin nan, ni da yarinyar nan za mu fita ta ƙofar gida da akwati, ko da ƙafa ne, kuma jaridu su rubuta abin da suka ga dama.

Bai yi gardama ba. Ya fita ya bar makullin a inda yake.

Jim kaɗan na ji ƙarar ƙarfe yana gugar bango a matakala. Na buɗe ƙofa, sai ga shi da kujeru a ka yana haki. Daga ƙasa muryar Sai-an-duba tana biyo shi, yana cewa ajiye kayan gwamnati a hannun ma'aikaci akwai shi a ƙa'ida kam, amma a gidan kwana, wannan sai an duba.

Baban Tsigi ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, ka duba. Ni ina hawa da su."

Ya yi ta hawa da sauka shi kaɗai, abokan aikinsa suna leƙe daga ofis, har Kyaftin ya cire hularsa ya kama masa. Na tsaya a bakin ƙofa da tsumma da ruwa, ba wadda ta shigo min gida sai na goge ta sama da ƙasa. Ƙonannen kafet ɗin na ce ko gawata ba za ta kwana da shi ba, aka jingine shi a bayan teburin Sai-an-duba.

Yanzu falonmu kujeru ne har rufi, masu lafiya da guragu. Mun bar siririyar hanya daga ƙofa zuwa kicin, a karkace ake bi. Anti tana kwana a tsakiyarsu, ta ce ko ba komai ta taɓa zama a kujerar gwamnati kafin ta mutu. Tsigi ta mayar da ƙarƙashinsu gidanta, sai na durƙusa nake zaƙulo ta. Kullum da safe sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙirjinta, bayana yana ciwo, ina yi ina mita. Tuhumar mijina tana nan ba a amsa ba, ƙarin girman da yake sa rai ya bi ruwa. Ɗan sandan ƙofa ya koma ɗaya kamar da. An ce kwamiti yana nan tafe.

Idan na gama da kujerun sai in goya Tsigi in sauka. In buɗe ɗakin, in kunna famfo ya zuba kaɗan, in duba maganin a saman injin, in tura sakata in ja. Ranar nan na tarar da wani kwali na tsofaffin fayiloli an ajiye a bakin ƙofar, a jingine, kamar mai jiran a ce masa bismillah. Na ɗauke shi na kai ofishin Sai-an-duba na ɗora a kan teburinsa. Ya ɗago kai zai yi magana, na riga shi na ce, "Sai an duba."